Kada Ka Taɓa Filash Ɗin Nan

Yaya Ezra,

Na tafi makaranta kafin ka tashi, don ba zan iya faɗa maka wannan ido da ido ba.

Jiya da ka haɗa firintar da ka sayo a Abuja, kwamfuta ta daina ganin filash ɗina. Na ce mu zare ɗaya tukuna, ka ce in yi shiru, matsalar saiti ce kawai. Ka yi ta kashe wannan kana kunna wancan, har saƙo ya fito yana tambaya ko a goge filash ɗin. Ko karantawa ba ka yi ba, ka danna. A kan idona.

Da safen nan na duba, babu komai a ciki. Labarin farko da na rubuta ne ya goge, Yaya, ko Mama ban bari ta gani ba. Kuma kai ka hana ni ajiye shi a kwamfutarka, wai zan cika maka wuri.

An ce mai gyara na Gangaren Tudu kan dawo da abin da aka goge, muddin ba a zuba sabon abu ba. Filash ɗin yana kan taga, da yamma zan kai. Don Allah kada ka soka shi, kada ka ce za ka gyara.

Firintar dai tana aiki, ta fitar da takardar gwaji. Na san don ka buga mini labarin ka sayo ta. A bayan takardar nake rubuta maka wannan.

Anjelina