Ƙwan da Aka Zana a Gaban Sunana

Zuwa ga Mai Girma Babban Jami'in Zaɓen Kansiloli na yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan an wartsake gajiyar zaɓe, ranka shi daɗe, ni ne Alhaji Mamman Sani Mai Tifa, ɗan takarar kansila a wata mazaɓa ta ƙasar Batsari, kusa da Wagini. Na zaɓi in rubuto maka ta jarida ne saboda a bainar jama'a aka kunyata ni.

Ranar Laraba rediyo ya karanta sakamakon lardi kaf. Na ji na Safana, na ji na sauran garuruwa, duk wanda ya faɗi an ambaci ɗan abin da ya samu. Da aka zo kaina sai aka ce ban sami ko ɗaya ba. Washegari aka manna takarda a bangon ofishin dagaci, an zana ƙwai a gaban sunana, ƙato, kamar mai zanen yana jin daɗin aikinsa.

Na ɗaya, ka san wanda aka yi wa haka. Daga aji biyu na sakandare na tsaya, na yi dako a tasha, na yi kwandasta, yau tifa biyu gare ni suna jidar yashi, kuma ba gadonsu na yi ba. Kwalbatin da ake bi a shiga garinmu da damina ni na zuba shi. Mutum irin wannan ko a garin da ba a san shi ba ya tsaya, ai wani zai bi shi don kwarjini.

Na biyu, ga yadda abin ya faru. Tsarinku shi ne ɗan takara ya tsaya, masu son sa su yi layi a bayansa. Layina ya tashi daga gindin tsamiya har bakin rijiya. Na abokin takarata, Malam Iro Tela, inuwar rumfa ɗaya ta ishe su. Muna jiran ƙirga sai ga surukina, mahaifin uwargidana, wanda ba zan kama sunansa a takarda ba. Tun asuba ya baro rugarsu ta wajen Ruma a kan jaki don ya ba ni ƙuri'a. Jama'a suka dare masa don girmansa, ya zo ya tsaya daf da ƙeyata.

Ranka shi daɗe, kai ma ɗan gida ne. A ina ka taɓa ganin mutum ya juya wa surukinsa baya, da takalmi a ƙafa, yana tsaye ƙiƙam? Na tuɓe takalmi, na zagaya bayansa, na durƙusa. Shi kuma an gaya masa ƙuri'a ba ta shiga sai yana bayana, ga shi da kunya irin tasu, ba ya iya yi mini magana a cikin mutane. Sai ya sunkuyar da kai ya ja da baya, ya koma bayana. Na sake zagayawa. Ya sake. Haka muka yi ta yi, jama'a na matsa mana, har muka dangana da rijiya. Nan na yi nasarar shiga tsakaninsa da bakin rijiyar, inda ba sauran wurin da zai bi.

Daidai lokacin malamin ƙirga ya iso da agogonsa da fayil. Ya tambaya ina ɗan takara, aka nuna masa ni can ƙarshe, a durƙushe, ba takalmi. Ya leƙa bayana, ya ga rijiya da guga. Ya rubuta abin da ya rubuta. Na yi masa bayani, ya ce takardarsa ba ta san suruki ba.

Na uku, layin nan fa bai watse ba. Wanda ya rage a gaba shi ne Tanko wanzami, wanda bai nemi komai ba. Tun ranar yake yawo da babbar riga, aski ma sai ya ga dama, wai jama'a sun nuna wanda suke so.

Na huɗu, abin da nake sha. A tasha yanzu Alhaji Ƙwai ake ce mini. Mai shayi in ya hango ni sai ya ɗaga murya yana tambaya guda nawa za a soya. Direbobina da nake ciyarwa suna kawar da kai suna tari. Uwargida kuwa ta ce gara da na yi haka, don da na bar tsohonta a bayana da ko na ci zaɓen ba a ɗakinta zan ci tuwo ba.

Ga roƙona. Kujera ba na so, Malam Iro ya riƙe, Allah ya taya shi riƙo, ɗinkinsa ma ba laifi. Ƙwan nan nake so a goge, a kuma faɗa a rediyon da ya yaɗa shi. In ba za ku ba ni layina ba, to ai ni ma a cikin layin nake durƙushe, kuma kaina na zaɓa. Ku rubuta ɗaya.

Sannan, don Allah, kafin zaɓe na gaba ku kawo mana akwati da labule kamar yadda na ji ana yi a birni. Wannan da gaggawa nake roƙo. Jiya tsohon ya aiko mini da ƙwaryar nono da saƙo, ya ce abin ya dame shi ƙwarai, kuma in na sake tsayawa in kwantar da hankalina, zai zo da ƙannensa uku.

Allah ya ƙara maka girma, ya yi maka jagora, ya sa kada surukinka ya taɓa biyo ka layi.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Alhaji Mamman Sani Mai Tifa