Rami Na Shida Yana Jiran Yatsanka

Daga ofishin Babban Injiniya na kamfanin da ya ƙera babbar motar gidanku, can ƙasar Turawa, zuwa ga Malam Isiyaku, bakanike na Garwa, wanda yake jinyar ido a Ngaundere.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan jiki yana sauƙi. Mun san likita ya hana ka kallon waya, mun kuma san uwargidanka Hajara ce za ta karanta maka wannan. Muna umartar ta da ta gyara zama, ta yi muryar manya, kada ta yi dariya. Wasiƙar hukuma ce.

Labari ya iso mana cewa ka ce aikinmu bai yi ba. Wai motar tana shaƙar iska lafiya amma ba ta iya fitarwa, shi ya sa in an loda mata masara a Ngong, ta zo hawan falez, dogon hawan dutsen nan na hanyar Ngaundere, sai ta yi ta nishi da baƙin hayaƙi masu babur suna wuce ta. Don haka ka kwance kan injin, wanda kuke kira kulas, ka kwance kolekta, ƙarfen nan mai rassa shida da ke kwashe hayaƙi ya kai salansa, ka ce za ka buɗe musu maƙogwaro.

Da farko mun ji haushi. Sai muka tura wakilinmu na Garwa, wani matashi kyakkyawa mai natsuwa, ya je ya bincika.

Bai sha wahalar samun kulas ɗin ba, domin shi ya ɓoye shi. Tun ranar da ka aiko cewa a sayar da motar, kai da ƙarfe har abada, Kawu Ɗanlami ya samo masu yanka motoci su sayar da kilo, za su zo Asabar mai zuwa. Wakilinmu ya kira mai amalanke, suka kai kulas da kolekta ɗakin da Inna ke ajiye gawayi, suka rufe da buhu. Kawu ya duba ko'ina har bayan gida. Inna dai ta ga buhun gawayinta ya yi ƙahoni shida, ta kalle shi, ta ɗebi na girki ta fita.

To yanzu ga tambayoyinmu, ka amsa tsakaninka da Allah.

Ramukan hayaƙi shida ne, ka gama uku. Wakilinmu ya sa yatsa a na farko, ya ji santsi kamar cikin ƙoƙon da aka daɗe ana sha da shi. Ya sa a na huɗu, wanda ba ka taɓa ba, ya ji kaushi da ƙuraje irin na tukunyar ƙarfe sabuwa. Ashe haka muke sakin kaya daga kamfani? Wa ya gaya maka hayaƙi yana tuntuɓe? Mu da muka yi karatu ba mu sani ba.

Sai batun baki. Bakin ramin kulas da bakin kolekta ba su haɗu daidai ba, akwai ɗan leɓe da ke tare hanya. Amma in an ɗaura su babu mai iya gani. Yaya ka gane inda leɓen yake? Wakilinmu ya kwana biyu yana juya abin, sai ya ga wani baƙi-baƙi a fuskar ƙarfen. Ya sansana, ya lasa. Tawada ce, irin ta allo, har da ɗanɗanon ƙaro. Nan ya tuna kwalbar tawadarsa da ta ɓace bara, wadda ya sha faɗan malaminsu na allo a kanta. Kamfani zai bi wannan magana daga baya.

Ya gwada yadda yake zato ka yi. Ya shafa tawada a fuskar kolekta, ya manna takarda, ya ɗaga, zanen bakunan ya fito. Ya yanke su da reza, ya ɗora takardar a kan kulas, sai ga leɓen ya leƙo fili. Ya zauna yana kallonsa har aka kira la'asar. Shekara nawa yana wanke allo da wannan tawada, bai taɓa sanin tana karanta ƙarfe ba.

Da haka ya yi rami na huɗu da na biyar, da ɗan injin gurza naka, kaɗan-kaɗan, yana gwadawa da naka ukun. Pol mai walda, mutumin garin Poli da ke kusa da garejinku, ya leƙo ya ce ba laifi, amma hannun Isiyaku daban ne. Wakilinmu bai ji daɗi ba, amma ya yarda.

Tambayar da ta fi damun kamfani ita ce ta tudu. A cikin kowane rami, daidai lanƙwasa, akwai ɗan tudu. Ka goge ko'ina ka bar shi, sai dai ka lallashe shi. Me ya sa? Ba shi ne ya fi tare hanya ba? Wakilinmu har ya ɗora injin a kai zai share shi, sai ya tuna tsohon kulas ɗin nan da ka raba biyu da zarto, wanda yake zama a kai yana cin gyaɗa. Ya juyo shi ya duba. Ashe bayan tudun hanyar ruwan sanyaya inji ce, bangon da ke tsakani bai kai kaurin biskit ba. Gurza ɗaya ta ƙari, ruwa ya shiga hayaƙi, kulas ya mutu. Ya ajiye injin.

Shi ya sa bai taɓa rami na shida ba. Nasa tudun ya karkace, ba irin sauran ba ne. Ya haska tocila, ya sa madubin Adda Hajara da ta manta a gida, bai ga komai ba. Sai maganarka ta dawo masa, wadda kake faɗi kana ranƙwashin ƙeyarsa: daina leƙe, sa yatsa, ido ba ya kai wa lanƙwasa.

Yaya, kai fa ka faɗa. Na tuna yadda kake yi. Kana tura yatsa cikin ramin sai ka rufe idanu duka biyu, ka karkata kai kamar mai sauraron rediyo. Ukun nan da ka gama, ba da ido ka gama su ba. Likita ya ce na dama lafiya lau, na hagu ne sai abin da Allah ya yi. To wane ne ya ce maka aikinka ya ƙare?

Adda, ki daina muryar manya daga nan, ki karanta da taki.

Saura tambaya ɗaya. Ranar da ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa idonka, ka gaya wa Inna mantawa ka yi ba ka sa tabarau ba. Ba mantawa ka yi ba. Ni na shafa baƙin salansa a gefen tabaran, don ka cire ka fito da zobe biyu a fuska mu yi dariya ni da Pol. Ka gani, ka yi tsaki, ka jefar da shi kan benci, ka ci gaba da aiki haka. Ka san hannun wane ne. A asibiti na tsaya bakin ƙofa ina jira ka faɗa, sai ka ce in je in rufe gareji kada awaki su shiga. Me ya sa ba ka faɗa ba? Wata biyu ina juya wannan fiye da yadda na juya kulas, ban gano ba.

Jiya na gaya wa Inna da kaina. Ta miƙo mini tsumma da sabulu. Na wanke tabaran, yana rataye a ƙusarsa. Na sayo na biyu, shi nake sawa.

Ban ce ka yafe yanzu ba. Ka aiko wa Kawu kalma ɗaya kafin Asabar, ka ce a dakata. In ka dawo ni zan riƙe injin gurza, kai ka sa yatsa ka ce nan, ka ce tsaya. Ina so in ji yadda motar za ta yi a falez, kai ma na san kana so.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya mayar da hasken da ya tafi, Ya tsare wanda ya rage. Allah Ya saka wa Adda da alheri, Ya sanyaya zuciyar Inna, Ya shirye ni.

Babu kamfani, babu ofis, ko Yawunde ban taɓa zuwa ba. A kan rabin kulas ɗinka nake zaune ina rubutu a waya da babban yatsa.

Ni ne ƙaninka Sadiku, mai kwalbar tawada.