Man Kifi a Idon Dogo

Wara, Talata da hantsi

Zuwa ga sanyin safiyar bakin tafki, farin zalɓe a tsakiyar balbelu, inuwar tsamiyata a ranar kasuwa, wanda bakina bai taɓa iya kiransa da komai ba sai Mai Hoto. Yau biro zai yi abin da baki ya kasa: Yusha'u. Ka ga na rubuta, kuma ban mutu ba!

Sallama gare ka mai yawan ruwan Kainji a ƙarshen damina. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san a aji shida na tsaya. Wannan ce takarda ta huɗu. Ukun farko suna cikin murhun Inna, sun soya karfasa.

Yaya Hansatu ta dawo daga gidanku jiya da labarin da ya hana ni cin tuwo. Wai ran Juma'a za ka bi motar albasar kawunka zuwa kudu. Wai ka rataye jakar kyamara a shagon maigidanka Oga Emmanuel, ka ce hannunka ba na hoto ba ne, na ɗaukar buhu ne. Haba, hasken rumfarmu! Wa ya gaya maka? Hannun da ya kama raɓa a kan furen bado kafin rana ta shanye ta?

Ka tuna ranar da ka fara ajiye jakar a rumfar Inna? Ka sayi kifi guda, ka zauna a benci, ka fito da idanun kyamara uku kana yi wa Inna bayani, alhali Inna ba ta tambaye ka ba. Ni ina bayan kasko, na ba ka baya, amma kunnena yana kan bencin nan. Babu abin da ya wuce ni. Tun ranar na raɗa wa idanun nan uku sunaye a raina.

Akwai Faffaɗa, mai haɗiye tafki da sama da tsibiri a loma ɗaya. Ka ce idan za a ɗauka da shi sai an sa wani abu a gaba, ko kwale-kwale ko kututture, don ido ya sami wurin tsayawa. Ka ce kuma a miƙe bakin ruwa sosai, in ba haka ba tafkin zai karkace kamar zai zube a Ngaski. Na yi dariya cikin mayafi har hayaƙi ya shaƙe ni.

Akwai Ɗan Kusa, ƙaramin nan na ƙwari da furanni. Shi sai mutum ya matso kamar taƙi ɗaya na hannu, ya riƙe numfashi, iska kuma ta yi shiru. Ka nuna wa Inna hoton tururuwa: idonta ya fito tangaran, bayanta kuwa ya narke kamar man shanu. Inna ta ce a'uzubillahi, ashe haka fuskar tururuwa take, ka ɗauke mata wannan aljanin daga gaban kifi.

Sai Dogo. Dogo mai nauyi, mai jawo nesa kusa, na tsuntsaye da dorina da duk abin da ke gudu idan an matso shi. Ka ce ƙaramar rawar hannu babba ce a wurinsa, sai an jingina shi a kan wani abu. Ka ce da shi ake ɗaukar masu kunya. Kana tsammani ban gane ba? Sau uku na hango ka daga gindin tsamiya, ka ɗora Dogo a kan kekenka, bakinsa yana kallon rumfarmu. Babu gauraka a rumfarmu, Mai Hoto. Kifi ne da Inna da ni. Kuma ban ga abin ɗauka a jikin kifin da ya riga ya soyu ba.

To, yanzu ga abin da ya sa na ƙona takardu uku.

Ran Laraba waccan, da ka bar jakar ka tafi sallar la'asar, Inna ta zaga sayen itace. Na zauna ni da jakar muna kallon juna. Na san washegari ce ranar da Oga Emmanuel zai fara barinka ka fita kai kaɗai, ka ɗauko gaurakin tsibiri da sassafe. Raina ya so in yi maka wani abu, ko ƙanƙani ne, wanda ba sai na buɗe baki ba. Na zuge jakar. Na cire murfin Dogo. Sai na ga 'yar ƙura a idonsa, guda ɗaya tak, kamar ƙwayar gero. Na ce ba za ka tafi wurin gauraki da hakin ido ba ina raye. Na kama bakin mayafina na goge. Na ƙara gogewa. Na goge har gefe-gefe, da bismilla, da dukan zuciyata, na mayar da murfi ina jin daɗi kamar na share masallaci.

Mayafin da na wuni da shi a gaban kasko, Yusha'u. Wanda nake share hannu da shi.

Shi ya sa gaurakinka suka fito kamar suna tsaye a bayan hayaƙin banda. Shi ya sa ranar da ke fitowa ta baje ta zama koko. Ba hannunka ne ya yi rawa ba, ba idonka ne ya kasa saiti ba. Man kifi ne, siririn da ba ya ganuwa sai an karkata gilashin wajen haske. Oga Emmanuel yana Kontagora, a waya kawai ya ga hotunan, ina zai san Dogo ya ci karfasa? Kwana shida ina ɗauke da wannan magana kamar tulu a ka, ina ganinka kana wucewa ba jaka, kafaɗarka wayam kamar reshen da tsuntsu ya tashi ya bari. Sau biyu na buɗe baki, sau biyu abin da ya fito shi ne, kifi nawa za a ba ka?

Ka je shagon yau, don Allah. Ka cire murfin, ka karkata shi bakin ƙofa, ka shinshina ma in kana so. Na tambayi Yaya Hansatu, ita kuma ta tambayi matar Oga: wai a fara hure ƙura, sannan ɗigon ruwan gogewa a kan ɗan ƙyallen nan mai laushi na cikin aljihun jaka, a zagaya a hankali daga tsakiya zuwa gefe. Ashe ƙyallen yana nan kusa da hannuna ranar, ina ta kallonsa ina cewa hankicinka ne, bai kamata in taɓa ba!

In ka yi fushi, ka yi, hakkinka ne. Ka daina sayen kifinmu mako guda, ko biyu, zan jure. Amma kar ka hau motar nan saboda laifin mayafi. Me za ka gani daga saman buhunan albasa? Wa zai gaya wa duniya cewa tururuwa tana da fuska? Tafki fa yana cika, gauraki ba su je ko'ina ba, ni ma haka.

Ga alkawarina. Ba zan sake taɓa jakarka ba har abada, ko da ƙadangare na gani ya shiga. Shi ya sa ma wannan takarda ta biyo hannun Yaya Hansatu. Ga na biyu kuma, shi ne mai wuya: ran Alhamis zan sa lalle don bikin maƙwabta. Juma'a da hantsi, lokacin da motar kawunka za ta tashi, zan kasance a rumfa, Inna tana zaune a gefe, hannuna wankakke da sabulu har sau uku. Ka bar Dogo ya huta a jaka. Ka zo da Ɗan Kusa ka ɗauki zanen lallen. Ka ce shi sai an tsaya cak, ba motsi, ba gudu.

Zan tsaya.

Taka yau da gobe da jibi, muddin ruwa yana bi ta Yauri,
Yasira, ta bayan kasko