Sifirin ɗin da Sadiku ya yanke

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ya jikin naka, ya Anti Rabi da yara, ya gareji?

Ɗanka Sadiku ya sayi tsohuwar motar Amurkawa mai ƙaton inji da gurnani. A gida ɗaga mota muke yi saboda ramuka, yaran nan Amurka kuwa so suke cikinta ya riƙa shafar kwalta. Kuɗinsa bai kai na gajerun sifirin da shokozoban da suka dace da su ba, sai ya kira ka. Wai ka ce, "Yanke na jikinta kawai."

Ya yanke, Yaya. Ranar Asabar ya ɗauke ni muka hau babbar hanya. Muna taka ɗan tudu motar ta yi tsalle, bayanta ya nufi wata tirela. Shi dariya ya yi, ya ce da Turanci, "Baffa ya san mota, Abba. Kai littafi ka sani."

Na san ka zaci lallaɓawa zai riƙa yi kamar a lungunmu. Nan gudu ake, ga ƙanƙara ta kusa sauka. Yanzu wayata na yin ƙara sai in zaci labarin hatsari ne.

Don Allah ka kira shi ka ce ya ajiye ta, ni zan sa mata kayan kirki. Maganarka kaɗai yake ji.

A gaida kowa. Ka ce wa Hajiya ta sa jikanta a addu'a, amma kada ka gaya mata dalili.

Ƙaninka,
Nasiru, Germantown