Inuwar da Ba Ki Yanke Ba

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya aiki, ya zaman birni? Ni dai alhamdu lillahi, sai gwiwa da ke ta yi mini rashin kunya.

Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki biro. An fara gina madatsar ruwa. Kwarin nan na bayan gidanmu, wanda na yi shekara talatin ina ɗaukar hotonsa, ruwa zai shanye shi kafin ƙarshen shekara. Na so in yi masa hoton bankwana, hannu ya ƙi. Rawa yake yi. Kofin shayi ma sai na tallabe da hannu biyu, balle kyamara.

Yanzu daga kan kujera nake kallon haske. Da sassafe yana shigowa ta taga fari-fari, mai sanyi, ya kwanta a kan gadon marigayiya mahaifiyarki. Da hantsi ya sauko ƙasa ya yi ƙarfi. Bayan la'asar ya koma ruwan zuma, ya hau bango, ya yi tafiyarsa. Shi ne baƙona kullum, kuma ba ya magana. Kaɗaici ya ishe ni, Auta, ba zan ɓoye miki ba.

Ki zo ki ɗauki hoton kwarin, ke ce mai hannu yanzu. Shekara shida ke nan rabonki da gidan nan.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki

*

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka. Na sami wasiƙarka, Allah ya ƙara sauƙi.

Zuwa ba zai yiwu ba. Aiki ya yi mini yawa a shago, kullum layin masu hoton fasfo har bakin titi. Ga wani tsohon hoton kwarin na sa a ambulan, tun ina gida na ɗauke shi. Ina ganin zai wadatar.

Ka riƙa shan maganinka. Na bar ka lafiya.

'Yarka

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Hoto ya iso. Kai, ya yi kyau! Na san ban taɓa faɗa miki haka ba, bakina ya fi sabawa da gyara.

Amma wai tsohon hoto? Haba Auta! Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi. Kin yanke gefen hagu don kada dogon injin ɗaga kaya na masu madatsa ya fito. Injin kika yanke, kika manta da inuwarsa. Bayan la'asar inuwa tsawo take yi. Ga ta nan ta miƙe a kan ciyawa har bakin rafi, injin kuwa sati uku ke nan da kafa shi.

Kuma a kan dutsen bayan gida kika tsaya. Jiya na dogara sanda na auna, taku sittin ne zuwa ƙofata.

Irin wannan hasken ba a samunsa a tsaitsaye. Minti goma yake yi ya wuce, sai wanda ya zauna ya jira shi. Ashe kin daɗe a wurin, ni ina ciki ina hira da bango.

Ban yi fushi ba. Tambaya kawai nake yi, me ya hana ki shigowa?

Allah ya kare ki.

Babanki

*

Baba,

Ina gaishe ka. Ka kama ni.

Tun fitowar rana nake kan dutsen. Niyyata in ɗauka, in shigo mu gaisa. Da safe gajimare ya hana, na ce bari in jira. Ina kallo ka fito ka shanya riga, ka daɗe kana fama da igiyar, ka koma. Ka rame. Na ce da zarar hasken ya yi zan sauko.

Da ya yi, wallahi Baba, mantawa na yi da kai. Minti goma ban san akwai wani mahaluki a duniya ba. Ina sauke kyamara na tuna.

A kan dutsen nan kake ranar da Mama ta cika a hannuna. Sau uku na ƙwala maka kira daga ƙofa. Ka ɗaga mini hannu ko waiwayowa ba ka yi ba, wai in dakata, haske ya zo. Shekara shida ina cewa mai zuciya a ƙirji ba zai yi haka ba. Sai ga shi ni ma na yi, a kan dutse ɗaya.

Kunya ce ta kore ni, da haushi, ban san wanne ya fi yawa ba. Na gangara ta ɗaya hanyar na hau mota, ina kuka har tasha.

Ban sani ba ko na yafe. Ƙarya ce dai ba zan sake yi maka ba.

Na bar ka lafiya.

Auta

*

Auta,

Sallama. Na ji kiranki ranar, duka ukun. Fim ɗin hoton da na ɗauka ran nan yana cikin kyamara har yau, na kasa wanke shi. Ba ni da hujja. Ki yafe mini in kin iya. In ba ki iya ba, ki zo haka nan.

Ki zo da tsakar rana. Lokacin rana tana tsaye, ba inuwa, ƙasa ta yi fayau, babu abin ɗauka. Daga ni har ke ba mai leƙa taga.

Allah ya kawo ki lafiya.

Babanki