Hoton Malam a Bakin Masu Talla

Zuwa ga maigidana Attahiru, wanda ya gudu Fatakwal ya bar ni ba cefane.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lahiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri a wannan tsadar. Mu nan Boɗinga sai godiya. Ƙafata ta yi sauƙi, Jummai ta sauka lahiya an samu ɗiya mace, albasar kawunka Yahaya kuwa ta yi kyau, kuɗinta ne babu kyau.

To, zancen hotuna. Kai ka ce a tattara na zuri'a duka a sa a intanet don na nesa su gani. Maniru mai hoto, ɗan ƙanwata na Shagari, ya bi gida-gida har Danchaɗi yana kwashewa, na biki da na suna, har na waɗanda ba mu shiri da su. Ya ce mini hotuna ma hayar ɗaki ake kama musu, kuma ɗaki mai faɗin ƙofa tsada gare shi. Ya kama mai araha. Dangi suka yi ca a kai, wata bai raba ba masu ɗakin suka rufe, wai masu kallo sun yi yawa. Na ce wane irin mai haya ne ke fushi don an yi baƙi? Sai ya kwashe su ya kai wani wuri na kyauta, wanda ya ce ko mutanen Sakkwato duka suka zo zai ɗauka.

Ashe kyautar da ƙazanta a ciki. Masu wurin talla suke liƙawa a gefen kowane hoto. Ka san hoton kakanka Malam Tukur, Allah ya jiƙansa, guda ɗayan nan da ya yarda aka ɗauka zamanin siyasa ta biyu, lokacin da muke layin shinkafa da sabulu? Shi da rawaninsa da tasbaha a hannu. Jikata Rahamatu ta nuna mini a wayarta. A gefen kunnensa ga kwalbar maganin basir da ƙarfin maza, a ƙasansa ga wata mata da ba ta gama sa tufafi ba. Ranar tuwo bai shiga bakina ba. Mutumin da ko mai tallan goro ba ya bari ta tsaya masa a zaure yana karatu.

Bai tsaya nan ba. Shekaranjiya wani dattijo ya zo a babur daga Kajiji, ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, ya yi ta kewaye-kewaye, can ya yi ƙasa da murya ya ce, "Inna, ko Malam ya bar miki sirrin maganin nan nasa?" Ya ce a garinsu kowa ya gani, har ana cewa shi ya sa Malam ya tara 'ya'ya. Tir. Shekarun da ya yi yana limanci, ga abin da za a tuna shi da shi.

Na sa aka kira Maniru na ce ya sauke. Ya rantse wai da lambarka aka buɗe wurin, sai kai za ka iya saukewa. Don haka ka sauke mijina daga kasuwar nan yau, ba gobe ba. In kana da halin kama ɗaki mai tsabta wanda ba ya korar baƙi, ka kama. In babu, su koma akwatina, can ba wanda ya taɓa yi musu talla.

Ka gaida Khadijatu da yara. Kaltume da Shatu suna gaishe ka. Af, na manta. Dattijon Kajiji bai tafi hannu banza ba, na ba shi lambarka na ce kai ka gaji sirrin. Ya ce su da yawa ne masu nema, zai raba musu. Ranar da Malam ya sauka daga kasuwar, sai in aika a ce musu ya ƙare.

Taka uwargida, mai jiran ta ji,
Hajiya Uwani, Boɗinga.