Ƙarfen Baba

Sarupanga, Talata

Yaya Binod,

Gaisuwa mai yawa. Ya zaman sansani, ya jikin matarka? Na san ba ka son jin sunana tun ranar da aka ƙone coci, na durƙusa aka aske mini kai, na sha ruwan kashin shanu, na ce na bar Yesu. Zage ni son ranka. Kai ka ruga da ƙafarka, ni ba miji, ga Runu a goye, ga gangamau bai isa tono ba.

Ba wannan ya sa na rubuto ba. Don Allah ka zo ka ɗauke Baba! Ashe barinsa ka yi ya dawo? Kullum rana tsaka sai a buga guntun ƙarfen layin dogon nan da ke rataye a mangwaron coci, kamar da, lokacin addu'a: uku, uku, sai shiru, sannan uku. Wa ke yin wannan shirun in ba shi ba? Shekara talatin a daidai nan yake tsayawa ya yi tarinsa. Ban gan shi ba, ina jin a daji yake ɓuya.

Masu ɗaura jan ƙyalle a ka, waɗanda suka ƙone cocin, sun yi shela: wanda aka kama yana bugawa, a jikin bishiyar za a ƙone shi. Ka san tsohon nan da taurin kai. Ni dai abinci ba ya shiga mini.

Ƙanwarka, ko kana so ko ba ka so,
Sukanti

Sansanin gudun hijira, Lahadi

Zuwa ga Sukanti,

Salama. Wasiƙarki ta iso ta hannun mai gishiri. Na karanta ta sau uku, sannan na fita waje na zauna.

Baba ya rasu tun ran nan. Lokacin da aka jera ku, shi ya ƙi durƙusawa, suka ja shi bayan coci. Sun ce ya faɗi kalma ɗaya kawai su ƙyale shi. Ya ce ya tsufa da sauya ubangida. Da suka gama da shi na goya shi zuwa daji, bai kai la'asar ba. Da hannuna da wani reshe na tona masa kabari, ba akwati, ba fasto. Fushi ya hana ni sanar da ke, wannan laifina ne.

Kafin ya cika na ce masa, "Baba, ka ga abin da 'yarka ta yi?" Ya ce, "Rufe mini baki. Gashi ne, yana tsirowa."

Ban san abin da kike ji ba. Kada ki kusanci bishiyar. Ki ɗauko Runu ki taho.

Ubangiji ya tsare ki.
Binod Digal

Sarupanga, Juma'a

Yaya,

Ina gaishe ka. Na yi kuka har muryata ta tafi. Wata biyu ina ajiye masa shinkafa a ganye a bakin daji, ashe birai nake ciyarwa.

Kada ka ce na zare, duk gari na ji. Shekaranjiya masu jan ƙyalle su bakwai suka kewaye mangwaron da gatura tun hantsi. Ina rafi ina hango su. Rana na kaiwa tsaka ƙarfen ya yi kuka, ba kowa a ƙarƙashinsa, ko motsi igiyar ba ta yi ba. Uku, uku. Da aka zo wajen shirun, karnukan gari duk suka yi tsit. Babbansu ya ce, "Iska ce." Wani ya ce, "Iska na ƙirga uku?" Ba wanda ya yi dariya.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mu da aka aske. In an buga, sai ka ga mata sun tsaya cak da tulu a ka, leɓe na motsi, ba mai kallon wani. Jiya kuma ba a buga ba. Yau ma haka. Muka yi cirko-cirko a rana kamar kajin da aka ɗauke wa uwa. Tsohuwa Subarna ta ce mini a hankali, "Ya gaji, 'yar nan. Jira yake a karɓe shi." Ta faɗa tana kallona.

Ina tsoron wuta, Yaya, ba zan ɓoye maka ba.

Taka,
Sukanti

Sarupanga, Asabar

Yaya Binod,

Salama. Ga Runu nan tare da mai gishiri. Ba ta cin yaji, kuma sai an riƙe mata kunne take barci.

Na samo sandar da Baba ke buga ƙarfen da ita a cikin tokar coci, rabinta bai ƙone ba. Masu jan ƙyalle suna nan zaune gindin bishiyar, rana ta kusa tsaka. Zan bar masa shirunsa ya yi tari.

Na shafa kaina ɗazu. Ya fara tsirowa.

Ƙanwarka cikin Almasihu,
Sukanti